Aku, Kunkuru Ko Zomo: Wanne Za a Iya Nema wa Magani Idan Ya Kwanta Ciwo?

Mafi yawan masu sayen aku ko kunkuru ko zomo domin ajiyewa a gida suna tambayar kuɗinsa da abin da yake ci, sannan su biya su ɗauka, amma da wuya a ji wanda ya tsaya ya tambayi inda zai kai shi ranar da ya daina cin abinci. Wannan tambaya ce ya kamata ta yanke hukuncin wanda za a saya, domin aikin likitan dabbobi a ƙasar Hausa an gina shi ne a kan shanu da tumaki da awaki da dawaki da kaji, sai kuma karnuka da kyanwoyi a manyan birane. Dabbar da ba ta cikin wannan sahu tana iya faɗawa hannun mai kyakkyawar niyya wanda bai san jikinta ba, kuma maganin da ya saba warkar da akuya yana iya kashe ta da allura guda. Saboda haka zan auna waɗannan dabbobi uku da ma'auni ɗaya, wato yawan buƙatarsu ga likita, da sauƙin samun likitan da ya san su, da kuma irin ɓarnar da kuskuren magani yake yi musu.

Zomo ne ya fi sauƙin samun mai duba shi, kuma dalilin a fili yake. Ana kiwonsa domin nama da kasuwanci, ana koyar da cututtukansa a makarantun likitan dabbobi, kuma Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana bincike a kansa. Cututtukan da suka fi damunsa a nan sanannu ne: ƙazuwar da ke cin kunne da hanci da ƙafafu, zawon da ke kashe ƙanana bayan yaye, da kuma zafin bazara. Wannan na ƙarshe ya fi ƙazuwa kisa a watannin Maris zuwa Mayu, domin zomo ba ya yin gumi yadda mutum yake yi, ta kunnuwansa yake rage zafin jiki, kuma da zarar zafi ya haura digiri 30 ya fara shiga wahala. Kejin da aka rufe da kwano aka ajiye a rana yana iya kashe shi kafin la'asar, kuma babu maganin da zai maye gurbin inuwa da iska da ruwan sanyi.

Hatsarin zomo yana cikin cikinsa. Hanjinsa ya dogara ne da wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da suke narka masa ciyawa, kuma magunguna irin su amoksisilin da ampisilin da fenisilin, idan aka ba shi ta baki, suna kashe waɗannan ƙwayoyi su bar masu guba su yi yawa, sai zawo ya kama shi ya mutu cikin 'yan kwanaki. Abin da ya sa wannan ya zama babban lamari shi ne, waɗannan magunguna su ne suka fi yawa a ɗakunanmu, kuma su ne hannu yake fara kaiwa gare su idan an ga dabba ta yi laushi. Haka nan maganin ƙuma da kaska na karnuka mai sinadarin fifronil guba ne gare shi. Zomo ba ya iya yin amai, don haka ba a hana shi abinci kafin tiyata kamar yadda ake yi wa kare, kuma idan ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, lamarin na gaggawa ne. Haƙoransa ba sa daina tsiro har ƙarshen rayuwarsa, shi ya sa wanda ake ciyarwa da dusa da burodi kaɗai ba tare da ciyawa da harawa ba yake ƙarewa da haƙoran da suka soke masa kumatu. Akwai kuma annobar zubar jini ta zomaye wadda aka tabbatar da ɓullarta a jihohin Kwara da Oyo a 2020. Ba ta da magani, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin kariya daga gare ta ita ce a keɓe duk sabon zomo kafin a haɗa shi da na gida. Duk da haka, likitan da yake da rajista zai san mafi yawan waɗannan abubuwa, kuma zomo yana rayuwa ne shekara 8 zuwa 10 idan an kula da shi, wanda alkawari ne da yawancin gidaje za su iya cikawa.

Allurar Ivomec da 'yan uwanta masu sinadarin ibamektin ita ce ta fi nuna yadda waɗannan dabbobi suka bambanta. Ita ce maganin ƙazuwar zomo, kuma tana aiki sosai idan an auna ta daidai. Wannan allurar kuwa, idan aka yi wa kunkuru, tana shanye masa jiki har ya kasa motsi da numfashi, kuma sau da yawa mutuwa ce ƙarshenta. Kunkurun da aka samo daga daji yakan zo da kaska a hammatarsa da tsutsa a cikinsa, kuma abin da duk wanda ya saba da tumaki zai fara tunani a kai shi ne ibamektin. A ganina wannan kuskure guda ya isa ya sa mai kunkuru ya haramta wa kansa karɓar magani daga hannun duk wanda ba likita ba. Kaskar kunkuru da hannu ake cire ta, tsutsar ciki kuma akwai wani magani daban da likita yake ba shi bayan ya duba kashinsa a madubin ɗakin gwaji kuma ya auna nauyinsa.

Babban kunkurun da ake ajiyewa a wasu gidaje ɗan yankinmu ne, domin asalinsa Sahel ne, daga Senegal da Mali zuwa Nijar da Chadi da Sudan har Habasha. Shi ne na uku a girma cikin kunkuran tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra, namiji yana iya wuce kilo 50, kuma yana iya rayuwa fiye da shekara 70. Kasancewarsa ɗan gida yana rage masa matsaloli da dama, domin ranar da masu ajiye shi a Turai suke saya masa fitila ta musamman don su kwaikwaya, mu kyauta muke samunta a tsakar gida. Idan yana da fili mai ƙasa da zai haƙa rami, da rana da inuwa, da ciyawa ɗanya da busasshiya, da ruwa a kwano marar zurfi, zai iya shafe shekaru bai ga likita ba. Ta wannan fuska ya fi zomo da aku sauƙi nesa ba kusa ba.

Matsalarsa ita ce ciwonsa a hankali yake shiga, a hankali kuma yake fita, kuma yawancinsa mu ne muke jawo masa. Kunkurun da ake zuba wa ragowar tuwo da shinkafa da wake da nama yana girma da sauri fiye da yadda aka halicce shi, ƙoƙon bayansa ya yi tudu-tudu, ƙodarsa ta wahala. Wanda kuma aka hana ruwa bisa zaton cewa kunkuru ba ya sha yakan tara dutse a mafitsara, kuma gano wannan dutse sai da hoton ƙashi, cire babba kuwa sai an yanka ƙoƙon cikinsa an mayar an liƙe, aikin da likitoci ƙalilan ne suka taɓa yi. Ƙaramin da aka tsare a ɗaki ba ya ganin rana ƙoƙonsa yakan yi laushi saboda rashin kalsiyam. A lokacin hunturu, idan ya kwana a kan siminti babu ramin da zai shiga, sanyi yakan kama masa huhu, a ga kumfa tana fita ta hancinsa, idanunsa sun kumbura, yana buɗe baki yana numfashi. Sannan akwai raunin da mota take yi masa idan ana fitar da ita daga gida, da cizon kare, da hudar da wasu suke yi a gefen ƙoƙonsa don su ɗaure shi da igiya. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, akwai jini da jijiya a cikinsa, yana jin zafin hudar, kuma idan ya fashe yakan ɗauki watanni masu yawa, wani lokaci fiye da shekara, kafin ya haɗe. Ya kamata a lura kuma cewa ba kowane kunkuru ne mai cin ciyawa zalla ba. Akwai ƙananan da bayansu yake lanƙwasawa ya rufe, waɗanda suke buƙatar danshi kuma suke cin katantanwa da ƙwari, saboda haka aikin farko shi ne a san irin wanda aka mallaka.

Gidan da yake da ƙananan yara yana da wani abin dubawa game da kunkuru. Yana iya ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsa ba tare da ya nuna alamar ciwo ba, kuma tana sa wa mutum zazzaɓi da gudawa mai tsanani. Saboda wannan ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da ba su kai inci 4 ba tun 1975, domin yara suna ɗaukarsu suna kaiwa baki. Ba a magance wannan da ba kunkuru magani. Abin da ake yi shi ne wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi, da hana shi zuwa madafa da wurin da jariri yake rarrafe.

Aku ne ya fi jan hankali cikin ukun, shi ne kuma ya fi wuyar riƙewa, kuma a nan zan daɗe domin a nan ne asara ta fi yawa. Aku mai launin toka da jar wutsiya tsuntsun kurmi ne, daga dazuzzukan kudu da Kamaru da Kwango, inda ruwa da danshi ba sa yankewa kuma ƙwarar manja tana cikin abincinsa. Kamun da ake yi masa ya rage shi ƙwarai, har a taron CITES, yarjejeniyar da ke tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, da aka yi a Johannesburg a 2016 aka sanya shi cikin rukunin farko, wanda ya haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Nijeriya ma tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016. Wannan ya shafi lafiya kai tsaye, domin tsuntsun da aka kamo da danƙo aka cusa cikin akwati tare da wasu aka yi doguwar tafiya da shi yakan iso hannun mai saye da cuta a jikinsa, ko da a ranar yana tsaye yana kallon mutane.

Tsuntsu yana ɓoye ciwonsa, domin a daji wanda ya nuna rauni shi shaho yake fara ɗauka. Kafin a ga aku ya bubbuɗa gashinsa ya sauko ƙasan keji ya lumshe ido, ciwon ya riga ya yi nisa, kuma abin da ya rage sau da yawa awoyi ne. Nauyinsa bai wuce giram 400 zuwa 500 ba, jinin jikinsa duka kuwa bai fi cokalin cin abinci uku ba, don haka kuskure kaɗan a awon magani ko a ɗibar jini yana da girma a wurinsa. Ko riƙe shi ma sai an koya, domin idan aka matse masa ƙirji ba zai iya numfashi ba. Idan kuma za a ɗauki hotonsa ko a yi masa tiyata, abin da ya fi aminci shi ne maganin sa barci na shaƙa, wanda yake buƙatar na'urar da ba kowane asibiti ne yake da ita ba.

Cututtukansa da yawa daga kwanon abincinsa suke farawa. Akun da aka ɗora a kan gyaɗa da masara kaɗai yana rasa bitamin A, hancinsa da maƙogwaronsa su raunana, sannan fumfunar da ke kan gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba ta shiga huhunsa da jakunkunan iskar da ke cikin jikinsa. Maganin wannan ciwo yana ɗaukar watanni, yana cin kuɗi, kuma ba kullum ake cin nasara ba. Wannan nau'in aku ya shahara kuma da ƙarancin kalsiyam a jini, wanda yake sa ya faɗo daga kan sandarsa yana karkarwa kamar mai farfaɗiya. Abin da ke kare shi daga haka shi ne abinci mai ganye irin su zogale, da karas da kabewa da gwanda da dafaffen wake, da kuma hasken rana na safe wanda bai ratso ta gilashi ba. Fiya da cakulan guba ne gare shi. Numfashinsa kuwa ya fi namu saurin ɗaukar abin da ke cikin iska, don haka turaren wuta a rufaffen ɗaki, da maganin sauro na kunnawa ko na fesawa, da hayaƙin janareta, da tururin tukunyar zamani wadda abinci ba ya kamawa idan ta ƙone a kan wuta, duk suna iya kashe shi. Mai son aku ya tambayi kansa da gaske ko uwargida za ta bar turaren wuta a ɓangaren da tsuntsun yake har tsawon shekara 40 ko 50, domin tsawon rayuwarsa ke nan.

Akwai kuma cutar da aku yake iya sa wa mutum, wadda ake kira zazzaɓin aku. Ana ɗaukarta ta shaƙar ƙurar busasshen kashinsa, tana zuwa da zazzaɓi da ciwon kai da tari, kuma cikin sauƙi a ɗauke ta a matsayin zazzaɓin cizon sauro ko taifot idan marar lafiya bai gaya wa likita cewa akwai tsuntsu a gidansa ba. Tana jin magani, amma shi tsuntsun sai an yi masa kwana 45 ana ba shi doksisaikilin ba fashi. Wata cutar kuma mai lalata baki da gashi ba ta da magani sam, kuma sai da gwaji ake bambanta ta da figar da aku yake yi wa kansa saboda kaɗaici ko bushewar hunturu. Gidan da yake da kaji yana ƙara masa haɗarin annobar kaji ta Niyukasil da murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da nau'inta na H5N1 a nahiyar Afirka a wata gonar kaji a Jihar Kaduna a 2006.

Wani zai ce ai likitocin kaji suna da yawa a Kano da Kaduna da Jos, kuma haka ne. Sai dai aikinsu na garke ne: idan ciwo ya shiga gona, a buɗe cikin kaza ɗaya ko biyu da suka mutu a gano cutar, sannan a zuba magani a ruwan sha na dubban da suka rage. Aku guda ɗaya ne, ba za a jira ya mutu kafin a san ciwonsa ba, kuma idan ya ji ɗacin magani a ruwa yana iya ƙin sha har ƙishirwa ta ƙara masa ciwo. Ilimin likitan kaji yana da amfani ƙwarai wajen gane cututtukan tsuntsaye, amma yana buƙatar ƙarin kayan aiki da sabo kafin ya wadatar da aku.

Wuraren da za a iya zuwa ma ba ɗaya suke ba. Asibitocin koyarwa na likitan dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri, su ne suka fi haɗa ɗakin gwaji da sashen hoto da na tiyata da malamai masu fannoni daban-daban a wuri guda, don haka su suka fi dacewa da aku da kuma kunkurun da ciwonsa ya yi tsanani. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda take aiki tun 1924, wurin gwajin samfuri ce da likita zai iya aikawa. Likitocin gidajen namun daji, kamar na gidan zu na Audu Baƙo a Kano da na Jos, sun fi kowa yawan riƙe kunkuru da tsuntsayen daji a hannu, kuma neman shawararsu yana da amfani. Asibitocin dabbobi na jiha da masu zaman kansu sun isa ga yawancin matsalolin zomo. Shagon sayar da maganin dabbobi kuwa wurin sayen abin da likita ya rubuta ne, kuma bai kamata ya zama wurin da ake gano ciwo ba. A Nijeriya Majalisar Likitocin Dabbobi ce take yi wa likitoci rajista, kuma babu laifi mutum ya tambaya cikin ladabi ko wanda zai yi wa dabbarsa allura yana cikinsu, ko ya taɓa duba irinta, ko yana da sikelin da ke auna giram. Likitan da ya ce zai tuntuɓi abokin aikinsa kafin ya ba da magani ya fi cancantar a amince masa fiye da wanda ya zuƙi allura kafin ya auna dabbar.

Idan aka haɗa waɗannan duka, hukuncina shi ne gidan da yake son yara su koyi tausayin dabba da ɗaukar nauyinta, kuma yake zaune a garin da ke da asibitin dabbobi ko da ƙarami ne, ya ɗauki zomo, da sharaɗin yana da wuri mai sanyi a bazara. Kunkuru ya dace da mai gidan kansa mai faɗin tsakar gida, wanda ba shi da jariri mai rarrafe, wanda kuma ya yarda cewa dabbar tana iya wuce shi a duniya, don haka sai ya san wanda zai bar wa ita. Ɗan haya da mai yawan ƙaura su haƙura. Shi ma babban kunkurun nan yawansa ya ragu a daji, saboda haka wanda aka haifa a gidan wani ya fi wanda aka tono daga raminsa. Aku kuwa ba na ba kowa shawarar sayensa daga hannun masu yawo da shi a keji, domin kowane ciniki yana sa a koma kurmi a kamo wani. Wanda ya riga ya mallake shi, ko ya gada, nauyin ya hau kansa, kuma hadisin matar da ta tsare kyanwa ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba ya isa ya nuna girman wannan nauyi. Biri ban sa shi cikin awon ba da gangan, domin cizonsa da cututtukan da muke iya ɗauka daga gare shi sun fitar da shi daga sahun dabbobin gida.

Kowanne aka zaɓa, zuwan farko wurin likita ya kasance a makon farko, tun dabbar tana da lafiya. A tafi da sassafe kafin rana ta yi zafi, a rufe kejin aku da mayafi mai shan iska, a ɗauki sabon kashin dabbar a leda mai tsabta domin gwajin tsutsa, a kuma faɗi gaskiyar inda aka samo ta da abin da ake ba ta. A rubuta nauyinta a ranar, a ci gaba da aunawa, aku da zomo duk mako, kunkuru duk wata, domin raguwar nauyi takan riga sauran alamomi bayyana. A keɓe ta daga sauran dabbobin gida na aƙalla kwana 30, a karɓi lambar wayar likitan, a kuma tambaye shi tun a ranar inda za a nufa idan ciwo ya taso da dare ko a ranar da asibiti yake rufe.